Kawu da Lambobin da Suka Ƙi Daidaita

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi rabin rayuwarsa yana haɗa sauti a wani ƙaramin gidan rediyo. Da kunnensa ya fara nauyi ba su sallame shi ba, sai suka mai da shi ɗakin baya inda kwamfutar ajiyar tsofaffin shirye-shirye take. Ɗaki ne marar taga, fanka ɗaya, da kujerar da ya tokare ƙafarta da kwali. Bai taɓa cewa abin ya yi masa ciwo ba.

Kwamfutar faifan ajiya biyu gare ta, abin da ta rubuta a wannan sai ta rubuta a wancan. Kowane gutsuren shiri ta ajiye kuma sai ta yi masa lissafi ta fitar da lambar tabbaci. Lokaci-lokaci takan bi kayan ta sake lissafin, in lambar ta saɓa da ta farko, to wani abu ya lalace. Wata safiya Kawu ya tarar da saƙo a allo, lambobi sun ƙi daidaita a fayiloli da dama.

Manajar gidan, mace mai son a gama abu yau-yau, ta leƙo ta ce, "Baba Injiniya, faifan ne ya tsufa. A canza shi mana."

"Zai yiwu, ranki ya daɗe," in ji Kawu, "amma ni ban ji ya yi ko tari ba."

Ta yi dariya, ta sa aka kawo sabo. Ba a jima ba saƙon ya dawo, har a kan sabon faifan. A nan Kawu ya lura da wani abu: fayil ɗin da kwamfutar ta ce ya lalace yau, gobe sai ta ce lafiyarsa ƙalau, ta kama wani. Da a faifai ɓarnar take, da wuri ɗaya za ta tsaya. Ke nan a hanya ake samun matsalar. Ya canza wayoyin da ke haɗa faifan, bai ga canji ba. Sai ya kashe komai ya sa gwajin ram, wato ƙwaƙwalwar da komai ke ratsawa kafin ya shiga faifai ko ya fito. Ya wuni yana kallon allo har jajayen layuka suka fara fitowa. Ya zare ram ɗin da ya lalace ya sa wani, lambobi suka daidaita.

Saura fayiloli 'yan kaɗan da aka ajiye lokacin da ram ɗin ke ciwo, su kam sun lalace a faifan biyu. A cikinsu har da shirin ƙarshe na amininsa, mai gabatarwar da ya rasu bara. Kwamfuta ta ce akwai ɓarna, amma ba ta iya faɗin ko kalma ɗaya ce ko rabin shirin. Sai an saurara. Kawu ya ɗora abin sauraro a kunne, ya ƙure murya, bai ji komai ba sai gunguni. Ya cire abin sauraron ya ajiye.

Washegari ya zo da matarsa, wadda ba ta taɓa taka wurin aikin nan ba. Ta zauna ta saurara, tana faɗa masa da ƙarfi.

"Yana gaida masu sauraro. Yanzu kai yake tsokana, wai ka hana shi ajiye kofi kusa da na'ura." Can ta ɗaga hannu. "Nan ya yi ƙara kamar an yaga zane. To, ya ci gaba."

Rabin jimla ce kawai ta tafi. Kawu ya yi wa wurin alama.

Ta ce, "Malam, me ya sa ba ka gaya min kunnen ya kai haka ba?"

"Ai kin sani."

"Na sani. So nake ka faɗa da bakinka."

Sai ya faɗa mata da bakinsa cewa kunnen ya gaza.

Yanzu ya ajiye aiki. Maƙwabta na kawo masa kwamfutocinsu ya duba a ƙofar gida, matarsa na daga ciki tana maimaita masa abin da suka ce, wani lokaci har da ƙarin nata.