Wushiryar Kawu

Jiya a wajen suna yayata Hadiza ta yi dariya, sai wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, marigayi kawunku sak!" Maganar ta fama mini mikin da nake ɗauke da shi tun muna yara a unguwar Bukoki, farkon samun mulkin kai.

Kawu malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, kullum hannunsa da farin alli, bakinsa da ƙamshin goro. Wata la'asar ya murɗa igiyoyin kaba biyu, ya sossoka tsinkaye a tsakaninsu kamar tsani.

"Haka ADN, rubutun gado, yake a cikin ƙwayoyin jikinku," in ji shi. "Haruffa huɗu ne kacal, kowane da abokin da yake riƙewa. Yadda suka jeru shi ke tsara kamannin mutum." Sai ya kama haɓar Hadiza. "Kun gani? Wushiryata nan ta sauka."

Ni ko kallona bai yi ba. Na yi ta cusa tsinken tsintsiya tsakanin haƙorana har dasashina ya kumbura, tuwo ya gagare ni. Da ya gano, ya yi dariya har da hawaye.

"Ɗiyata, tsinke ba ya gyara wannan rubutun. Ke ai taurin kaina kika kwaso."

Ban yi murna ba, domin taurin kai ba a ganinsa a fuska. Har yau Hadiza ake kallo a tuna da shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ranar haɗuwa ni zai fara kira.