Kanyar da Ke Tsakanin Wagini da Yasore

Ranar wata Laraba ce da kaka, an gama ɗaurin gero, a zamanin da Nasara bai zo ƙasar Katsina ba, na sha kukan da har yau ƙawayena da suka rage suke yi mini tsiya da shi. Ana kalankuwa a Wagini, wato wasan da samari da 'yammata kan yi in amfanin gona ya shigo gida. Na sha lalle, na ɗaura sabon zanen saƙi, jigida kuwa sai da na aro ta yayata na ƙara. 'Yammatan kowane gari sahunsu daban, kuma duk wadda za ta fito rawa sai makaɗi ya kira ta da sunan garinsu. Da layi ya zo kaina sai ya sassauta kalangu ya ce, "Ɗiyar ina ce wannan?" 'Yan Wagini suka ce ai ba a garinsu aka haife ni ba. 'Yan Yasore suka ce su ma ba su san da ni ba. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ruga gida ina sharɓar majina.

Abin haushin, ba ƙarya suka yi ba. Babana mutumin Wagini ne, innata 'yar Yasore. Da cikina ya tsufa aka ɗauke ta za a kai ta gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari a gidan sabon miji, sai naƙuda ta kama ta a tsakiyar hanya. Shi ya sa ake kirana Ta-Hanya. Da can sunan bai taɓa damuna ba. Da yaran Wagini nake surfe, da su nake roron wake da korar tsuntsu a gona, da su muke zuwa rafi mu ɓata rabin yini wajen carafke har a biyo mu da tsumagiya. In na je Yasore kuma, kawunnaina su cika ni da nono da fura. Ashe duk wannan bai sa na zama 'yar wani gari ba!

Kakata Delu, uwar babana, tsohuwa ce mai baki kamar barkono. Ta same ni bayan rumbu ta ce, "Ke, raguwar banza, share hancin nan. Gobe za ki ga garinku." Washegari da hantsi muka bi ayarin masu jakuna, don lokacin ba a bin daji ɗaiɗai saboda mahara. Muna tafe tana lissafa mini. Gida, in ji ta, shi ne inda ubanki ya kafa danga. Asali kuwa can wajen Safana yake, inda kakan kakanki ya taso. Ƙasa, ta Katsina ce, ta haɗe mu duka har da Fulanin da ke rugar can. "Amma mahaifa," ta ce, "inda aka binne cibiyarki ne, kuma wannan ba mai ba ki, ba mai ƙwace miki."

Muka tsaya gindin wata ƙatuwar kanya da na sha wucewa, wadda yaran garuruwan biyu kan yi dambe a kan 'ya'yanta kowace shekara. Kaka ta dafa wata saiwa ta ce nan ta kare innata da zanenta, nan na faɗo, kuma ita da hannunta ta ari hauyar wani manomi ta haƙa rami ta binne cibiyata. Na tsuguna na taɓa ƙasar, sanyi ƙalau. Wallahi wani daɗi ya kama ni. Muka cika ƙwarya da nunannun 'ya'yan kanya muka juyo.

Da la'asar, kalankuwa ba ta watse ba, ta ja ni har gaban makaɗi, ta dire ƙwaryar, ta ɗaga murya. "Kowace a nan gari ɗaya gare ta. Wannan tana da biyu, ga itace a tsakani. Duk wadda ta ce ba tasu ba ce, kada in ƙara ganin bakinta da kanyar jikata!" Kai, zo ka ga wawaso! 'Yan Wagini suka kama hannuna na dama, 'yan Yasore suka kama na hagu, ana ja ana ihu har jigidar aro ta tsinke. Makaɗi ya kasa riƙe dariya, ya buga ya ce, "Ta-Hanya mai kanya, ta Wagini, ta Yasore!" Rannan sahu biyu na yi wa rawa, na kuma sha dukan yayata da daɗin rai.

Yanzu na tsufa a Safana, inda aure ya kawo ni. An ce masu gyaran hanya sun sare kanyar, ba ko kututture, kuma jikokina in an tambaye su garinsu sai su faɗa a gaggauce, ba sa ko tsayawa tunani. Na san a nan Safana za a rufe ni, ban kuma ƙi ba. Amma ɗan wani yanki nawa ya daɗe da riga ni kwanciya, can tsakanin Wagini da Yasore.