Amawalin Dattijo a Kara

Jama'a, yau mutum ya cika a hannuna.

Ina kara wajen raƙuma, sai wani dattijon Buzu ya dafe ƙirji ya faɗi. Na duba, ba ya numfashi. Na ce a kira motar likita, na durƙusa na hau danna ƙirjinsa yadda aka koya mana. Na kai hannu zan sauke amawalin rawaninsa da ya rufe bakinsa in hura masa iska, sai ɗansa, magidanci mai gemu, ya riƙe ni.

"Malam, ba a buɗe bakin babana cikin mutane."

Na ce, "Ɗan'uwa, in ba mu buɗe ba, tafiya zai yi."

Sai ya sauke amawalin da hannunsa, ya kare mu da rigarsa. Ina dannawa ina hurawa har motar ta iso. Suka duba, suka ce rai ya yi halinsa. Innalillahi!

Ɗan ya daɗe yana kallon fuskar. Can ya ce, "Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ashe a wurinsa na gaji wushirya."

Ya mai da amawalin, ya gyara masa shi sosai.