Baturen da ya yi mini zaman makoki a Riyad

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaka da wanke mota a bakin ofishinmu na unguwar Malaz.

Manajanmu ne ya leƙo ta taga. "Ya Haruna, Baturen nan naka ya mutu fa. Khalas, shi ke nan. Yalla, maza, injiniyoyi na jiranka a wajen gini."

Haka kawai. Ya ja tagarsa ya rufe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kai injiniyoyin na dawo, har yanzu ban sami mutum ɗaya a garin nan da zan faɗa wa ya gane abin da na rasa ba. Shi ya sa na zo nan zaurenmu na intanet in faɗa muku.

Ga wanda bai sani ba, ni direban kamfani ne a Riyad. Shi kuma ɗan kasuwa ne daga Ingila, yana sayar wa kamfanonin gini injinan tura ruwa. Ba zan kama sunansa ba. Baba nake ce masa, kuma yana amsawa.

Duk zuwansa ni ke ɗauko shi daga filin jirgi. Ba ya zama a baya. Gaba yake shigowa, ya cire kwat, ya ce in kai shi wajen masu kabsa tukuna, otal ya jira. Da hannu yake ci, rabin shinkafar a baki, rabi a wando.

A cikin motar nan na ji tarihinsa. Bai yi wani dogon karatu ba. Da gyaran tsofaffin famfuna ya fara a garejin kawunsa, hannu duk baƙin mai, har Allah ya buɗa masa.

Sai wata shekara aka ba shi sarautar Lord, wato kujera a majalisar manyan ƙasarsu. Ni kuma Bakatsine, ai na san yadda ake tarbar wanda aka naɗa. Yana fitowa na tuɓe takalmi, na durƙusa a gaban jama'a, na dunƙule hannu na ce, "Ranka ya daɗe!" Sannan na buɗe masa ƙofar baya.

Baba ya sunkuyo yana taya ni dube-dube a ƙasa. Ya zaci makulli na yar.

Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari. Sai ya zagaya ya shige gaba abinsa. Mun ɗan yi tafiya ya ce, "Haruna, a can kowa ya daina kiran sunana, sai title. Kai ma kada ka gudu ka bar ni."

Jaridunsu sun ce sayen kujerar ya yi, don ya daɗe yana ba jam'iyyu gudummawa. Ya ba wannan, da iska ta juya ya ba waccan. Ni kuma bakina ba ya shiru, na ce, "Baba, ashe ku ma kuna yi?"

Ya ce, "Muna yi mana. Namu dai ana rubutawa."

Ban zo wanke shi ba. Ba na wurin da aka yi, kuma siyasar Ingila ta fi ƙarfin direba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kafil ɗina, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, ya ce aiki ya yi yawa, ba zai sa mini hannu in tafi gida ba. Aka binne Inna ina nan ina fama da go-slow. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san wannan ciwon, ba sai na faɗa ba.

Washegari Baba ya sauka. Ya dube ni ya ce me ya faru. Na faɗa masa. Sai ya tambaye ni yadda muke yi a gida idan an yi rasuwa. Na ce mutane ne ke zuwa su zauna da kai, ba a cika surutu ba, sai dai a ce maka, "Ya haƙuri?"

Ya ɗaga waya ya soke meeting ɗinsa. Ya sa na tsaya a lambun da ke kusa da gidan tarihi na Murabba. Muka zauna a kan benci cikin zafin nan, fuskarsa ta yi jawur, gumi na tsiyaya. Can sai ya juyo, da karyayyen harshe, ya ce, "Ya hakuri, Haruna?"

A duk faɗin Riyad, shi kaɗai ya yi mini zaman makokin uwata. A nan ne kuka ya zo mini.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce. Ya rame, yana dogara sanda. An toshe hanya saboda haƙar hanyar jirgin ƙasa, muka daɗe a tsaye. Na lura wayarsa ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya, alhali a da ba ta barin mu mu yi hira.

Na ce, "Baba, yau wayar hutu take yi?"

Ya ce, "Na sayar da kamfani, na daina ba da gudummawa. Tun daga nan ta warke." Ya yi ɗan murmushi. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'ya kowa na wata ƙasa. Ya ce gidansa babba ne, amma a kicin yake cin abinci da rediyo a kunne, don ya ji muryar mutum.

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na ce sai ya dawo. Ya ce, "In sha Allah, ko ba haka kuke cewa ba?"

Ɗazu na kira lambar gidansa, ita kaɗai nake da ita. Wata mata ta ɗauka, ta ce daga ofishin lauyansa take. Ta tambaya ni ɗan jarida ne ko dangi. Na ce direba ne, gaisuwa na kira in yi. Ta ce an gode, ta ajiye.

To wa zan yi wa gaisuwa? Wallahi kaɗaici bai taɓa kama ni a ƙasar nan kamar yau ba.

Na san akwai malamai a cikinku, kuma na san iyakata. Baba ba Musulmi ba ne, lamarinsa na wurin Mahaliccinsa, wanda ba ya zaluntar kowa. Abin da nake roƙo, Allah ya ba 'ya'yansa haƙuri. Allah ya jiƙan Inna da duk iyayenmu da aka binne ba ma nan. Mu da ke neman abinci a ƙasar wasu, Allah ya mayar da mu gida, kada ya ɗauki ranmu inda ba mai zama dominmu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya taya ni da amin.

Gaisuwa kuwa, tunda ban sami mai karɓa ba, ni zan karɓa. Ina ɗakina a Malaz bayan la'asar, ƙofa a buɗe take.