Baitin da Yaya Umaru Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, wanda ya koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta Yelwa har ƙarshen rayuwarsa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin ɗiyarsa Hafsatu, wadda ya bari tana firamare, yanzu kuma tana kwaleji, ta aiko mini da waƙarta ta farko a waya. Waƙar a kan Amurka take, da yadda ta janye tallafin magunguna ba ta ko waiwayi talakawan duniya ba. A ƙarshe ta rubuta: "Baffa, da Baba na nan, me zai ce?"

Na san abin da zai ce, shi ya sa tambayar ta yi mini nauyi. In na faɗa mata, ina gudun ta ajiye alƙalami tun ba ta yi nisa ba. In kuma na yabe ta don marainiya ce, na ci amanar mahaifinta.

Ni ma na taɓa kai masa irin wannan waƙa. Ina shekarar farko a jami'a, na tsara doguwar waƙa ina tsine wa Amurka, da niyyar rera ta a taron ɗaliban Yauri lokacin hutu. Na cika ta da jari-hujja da danniya da sunayen ƙasashen da ban taɓa gani ba. Na same shi a Wara, ya je gaida Innarmu. Ya ƙi karɓar takardar. Ɗabi'arsa ke nan: a wurinsa waƙa ta kunne ce, kuma mai ita ne zai rera da bakinsa. Muka zauna a inuwa bakin ruwa, ranar kasuwa, jirage na ta sauke buhunan albasa da kwandunan kifi. Na rera, shi kuma ya rufe ido yana ɗan buga gwiwa da yatsa. Bai katse ni ba har na kai ƙarshe.

Sai ya ce in maimaita wani baiti da na wuce da sauri. Kunyar baitin nake ji, don ina ganin ƙauyanci ne a tsakiyar manyan kalmomi. Cewa na yi mai babban jirgi ya wuce bai rage wuta ba, ya bar mu muna kwarfe ruwa da ƙoƙo. Duk wanda ya tashi a bakin tafkin Kainji ya san al'adar: mai jirgin inji in zai gifta kwale-kwale yakan rage gudu ya ɗaga hannu, don kada igiyar ruwan da ya tayar ta kife ƙaramin jirgi. Ba doka ba ce, ladabi ne, kuma wanda ya ƙi yi, sunansa na zagaya kasuwa kafin la'asar.

Ya buɗe ido ya ce: "Wanga baiti naka na. Sauran na rediyo na."

Na yi gardama. Ya yi dariya, ya kira ni shugaban talakawan duniya, sannan ya yi mini bayani a natse. Ya ce fushina daidai ne, amma na aro masa riga. Ya ce a sauran baitocin na zana Amurka tana ƙin talaka, alhali mai jirgin da ya jiƙa ka bai ƙi ka ba, bai ma gan ka ba, kuma wannan ya fi ciwo, ya fi wuyar faɗa. Ya tambaye ni wane ne yake jin yunwa a waƙar, mene ne sunansa, me ya ci jiya. Na duba takardar, babu shi a ciki. Ya ce in riƙe baitin jirgi in gina a kansa.

Ban zama mawaƙi ba. Aikin ofis na yi har na kai hamsin. Na sha tambayar kaina ko tsananinsa ne ya sanyaya mini gwiwa. Ban tsammani. Har shekarar da ya kwanta ciwo, in na zo hutu, kafin ya tambayi iyali sai ya tambayi sabuwar waƙa. Mutumin da ya raina ka ba ya jiran waƙarka shekara da shekaru.

Nakan yi tunanin yadda zai ɗauki zamanin nan, da yaro zai ɗora waƙa a waya, kafin ya ajiye ta yabo ya cika ta. Ina jin zai yi murna da yawan masu rubutu da Hausa, don ya daɗe yana kukan ƙarancinsu. Abin da zai dame shi shi ne masu yabon ba su kai ƙarshen waƙar ba.

Saboda haka na ce wa Hafsatu ta rera da muryarta ta turo mini ta waya. Na saurara sau biyu. Akwai tsinuwa, akwai kalmomin labaran rediyo, kamar tawa ta da. Can kusa da ƙarshe sai ga baiti a kan innarta tana ɗinke tsohon gidan sauron da aka raba musu, tana bin hudojin da zare, domin tun da aka janye tallafin sabo bai zo ba kuma damina ta kawo kai. Na kira ta na faɗa mata gaskiya: nan waƙar take, sauran aro ne.

Na zaci na yi ɓarna. Sai ta ce: "Na ji, Baffa. To, fushin fa? Ina zan kai shi? Inna ba ta fushi, ni ke yi mata."

Wannan tambayar ban taɓa yi wa Yaya ba, ban kuma san amsarta ba, haka na gaya mata. Bayan sati ta sake aiko da waƙar. Ta taƙaita ta, ta buɗe da innarta da allurarta, amma ta bar baiti biyu na tsagwaron fushi waɗanda na ce ta cire. Da na saurara sai na ji suna da gindi yanzu, domin an san wanda ake yi wa fushin. Ita ta fi ni gaskiya.

Yaya bai bar littafi ba, bai bar gida mai bene ba. Ya bar mutane kaɗan da suka koyi cewa girmama mai koyo shi ne a saurare shi har ƙarshe, sannan a gaya masa gaskiya. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa. Ɗiyarsa kuwa ta ce ta soma waƙa ta biyu, kuma in shirya, don wannan karon ba za ta cire ko baiti ɗaya ba sai mun yi gardama.