Furen Farin Sure

Irin farin sure da na fito da shi daga ƙauyenmu na bayan Zurmi bai cika tafin hannu ba. A bakin zane na ƙulle shi ranar da 'yan bindiga suka tashe mu. Sure shi ne abin da mutanen gabas ke kira yakuwa. Ja yana ko'ina, amma namu fari ne, tsaminsa ba ya kashe haƙori, kuma a hannun uwata na gaje shi. Sai da muka daɗe a Kaura kafin ɗana ya kama mana gidan haya mai ɗan fili a bayan ɗaki. Irin ya tsufa, don haka na zuba shi duka. Kaɗan suka fito. Na kewaye su da ƙaya, na hana kowa tsinkar ko ganye ɗaya, don iri nake so, ba miya ba.

A wannan damina ne babban jikana ya shiga shekararsa ta ƙarshe a makarantar kimiyya. Wasan jika da kaka muke yi, yana ce mini amarya, ina ce masa mai gidan da ba cefane. Wata safiya na tarar da shi tsugune gaban shukata yana ɗaukar hoto da waya.

"Amarya, ashe dukiya kika ɓoye mini a bayan ɗaki."

"Tashi daga nan, mai gida, kafin idonka ya ƙona mini ita."

Ya zauna ya yi mini bayani. Wai malaminsu ya karanta cewa a ƙasar Turawa akwai wani itace mai farin fure da suke jiƙawa su sha, an auna shi an ga yana da sinadarin da ke hana jiki lalacewa da saurin tsufa. Shi ne aka ce kowane ɗalibi ya nemo furen gida ya auna. Turawa sun auna nasu, mu ma dole mu tashi tsaye. Na ce ya dubi fuskata da kyau, tun ina goye ake ba ni farin sure, ya gaya mini ko tsufa ya ji tsorona. Na ce kuma in aka cire fure babu ƙwaryar da iri ke zama a ciki, in babu ƙwarya babu iri. Ya ce ya sani, a littafinsu ma haka yake, rabi kawai zai ɗiba.

Rabin ya ɗiba, ba zan yi masa ƙarya ba. Suka sa a firjin makaranta, wuta ta ɗauke, ta yi zamanta. Ko da ta dawo furen ya narke. Mutanen da ke neman maganin lalacewar jiki sun kasa tsare fure kwano guda.

Da ya dawo bai kira ni amarya ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce mini Kaka. Nan na san sauran yake so. Ruwa ya riga ya ɗauke, furen da ke kai shi ne na ƙarshe. Na ce ya jira ƙwarya ta nuna ya auna ta. Ya ce malami fure ya rubuta, kuma in lokaci ya wuce sai baɗi. A wurinmu kaka ba ta hana jika abin da ke hannunta. Uwa tana iya hanawa, uba yana iya tsawa, amma kakar da ta hana, da ita za a yi ta hira a gidan suna. Na juya baya ya tsinke. Sharaɗi ɗaya na kafa, sai na ga inda za a kai shi.

A bayan babur ya kai ni. Ɗaki ne mai warin asibiti, da wata ma'aikaciya 'yar kudu mai farar riga, tana ce mini Mama da Hausarta mai daɗi. Ita ba ni da abin cewa a kanta, har kujera ta ba ni. Sun busar da furen, sun niƙa, sun jiƙa a wani ruwa mai hawa kai, sun tace. Sai aka ɗiga shi a 'yar kwalba mai ruwa launin shunayya, aka rufe a duhu kamar mai jego. Da aka fito da ita ruwan ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa. Aka tura cikin wani akwati, akwatin ya nuna lamba, jikana ya rubuta yana murmushi.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, Mama," in ji ma'aikaciyar. "Iya koɗewarsa, iya ƙarfinsa."

Sun auna jan da suka sayo a kasuwa ma, wai ya fi nawa ƙarfi. Ban yi musu ba. Ban taɓa cewa nawa ƙarfi ne da shi ba, daɗi na ce. Ragowar garin kuwa a kwandon shara na gan shi da idona.

Yaro ya ci jarrabawa, an yi walima, na ci shinkafa. Da na tuge karan na sami 'yan ƙwarya a ƙasan ganye da hannunsa bai kai ba. Na fasa, irin ciki fari fat, bai ƙosa ba. Na shuka duk da haka da ruwan farko, ban ga komai ba. Na aika Shinkafi wurin wata maƙwabciyarmu ta ƙauye da na taɓa ba ta irin. Ta aiko cewa shekarar da suka sauka yunwa ta sa sun daka nasu sun yi daddawa.