Direban da Ya Ɓuya a Bayan Kujera

Clifford Sugden ya fi shekara talatin yana tuƙa bas a garinsu, ɗaya daga cikin garuruwan tsofaffin masaƙu na arewacin Ingila. Bai yi karatu mai zurfi ba. Tun yana saurayi ya shiga masaƙa, da ta rufe ya koma sitiyari, a nan kuma ya tsufa. Bayan ya yi ritaya matarsa Glenys ta rasu. Sai Pauline Firth, wadda suka taso layi ɗaya, ta ja shi zauren cocinsu, inda take tara baƙin da suka zo ƙasar tana koya musu Turanci kowace Talata da hantsi.

"Ni fa ban san nahawu ba, Pauline," in ji shi.

"Wa ya tambaye ka nahawu? Baki nake nema, kai kuwa tun muna yara ba ka taɓa rufe naka ba."

Ta ba shi ɓangaren da ya fi ba ɗalibai ciwon kai: 'yan ƙananan kalmomin nan da Bature ke liƙa wa aikatau, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Clifford bai iya bayani ba, don haka ba ya yi. Kujeru yake jerawa kamar na bas, ya zauna a gaba ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari. In ya ce "get on", kowa ya hau. In ya ce "get off", a sauka. In ya ce "break down", sai ya yi tarin inji ya kife kai, ɗalibai su sauko su tura kujeru suna dariya. Rigarsa kullum a goge, takalmi na sheƙi. Suna ce masa Baba Clifford.

Wanda ya fi kowa naci shi ne Yemane, mutumin Eritiriya, mai aikin wankin mota. Ranar da aka zo kan "drop in", wato ka leƙa gidan mutum ba tare da ka sanar ba, Yemane ya ɗaga hannu.

"Baba, a nan ma ana yin haka? Ni ban taɓa gani ba."

"Ana yi mana! Ni gidana ko yaushe. Ku leƙo wata rana mu sha shayi, kai da mai ɗakinka."

Yemane ya tambayi layi da lambar gida, Clifford ya faɗa masa, ya wuce kalma ta gaba. Wannan magana ya faɗa wa mutane ba adadi a rayuwarsa, an kuma faɗa masa. Duk ɗan garin ya san gaisuwa ce kawai. Gayyatar da ba a sa mata rana da lokaci ba, sai a ce an gode, kowa ya kama gabansa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun rasuwar Glenys ba mahaluƙin da ya tsallaka ƙofarsa. Ya daina hawa bene. A falo yake kwana, kan doguwar kujera, cikin tarin jaridu da gwangwanaye da kwanukan da ba a wanke ba. Ko 'yarsa Hazel a gidan shayi yake haɗuwa da ita, yana ce mata ya fi son iskar waje. Wuri ɗaya ne mai tsabta a gidan, inda yake guga.

Ranar Lahadi bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Ya ɗaga gefen labule. Yemane ne cikin kwat, da matarsa Senait ta yafa farin mayafi, tana rungume da tukunya naɗe cikin tsumma. Ana yayyafi.

Clifford ya kashe talabijin, sannan ya gane kashewar ce ta tona shi. Ya juya ya dubi falon kamar yau ya fara ganinsa, ya ji warin da ya daina ji tuntuni. Sai ga shi, dattijo mai furfura, ya durƙusa a bayan kujera.

"Baba Clifford!" Yemane ya ɗaga murfin ramin wasiƙa da ke jikin ƙofa yana kira. "Mu ne, mun leƙo!"

Suka ƙara ƙwanƙwasawa. Ya ji suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu, sannan ya ji an ajiye wani abu a dokin ƙofa, takunsu ya yi nisa. Ba wanda ya kai shi sanin hanyar nan. Ya san bas biyu suka hau kafin su iso, ya san ranar Lahadi motar ba ta zuwa da wuri, ya kuma san tashar da za su tsaya ba ta da rumfa. Yana durƙushe yana lissafa musu jiran da za su yi cikin ruwa, amma bai tashi ba.

Daga baya ya buɗe ƙofa ya ɗauko tukunyar: miyar kaza ce mai yaji, da dafaffen ƙwai a ciki. Ya ci a tsaye. Daɗinta ya ƙara masa kunya.

Ranar Talata kujerar Yemane ba kowa. Da aka tashi Clifford ya faɗa wa Pauline, amma rabin labarin kawai, bai ambaci falon ba.

"Ka ɓuya? Kai, Cliff, da girmanka!" Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska. "Ni ma shekara nawa kana ce min in leƙo, ina da hankali ban je ba. Su kuwa sun ɗauka maganar dattijo magana ce. Sai ka je ka gyara."

Ya wanke tukunyar har tana ƙyalli, ya sayi biskit ya zuba a ciki don kada ta koma wayam, ya hau bas zuwa wurin wankin motar. A hanya ya shirya ƙaryarsa tsaf.

Yemane ya ajiye soso ya share hannu a wando.

"Baba, da kanka? Da ka bari na zo na karɓa."

"Ranar Lahadi na je wurin 'yata ne, shi ya sa."

"Haka Senait ta ce," in ji Yemane da sauri. "Ta ce lalle wurin 'yarsa ya je. Laifinmu ne, ba mu iya al'adar nan ba tukuna."

Yana faɗa yana kallon ƙasa. Clifford ya gane mutumin ya ga labule ya motsa, ya ji talabijin ya mutu, kuma ga shi yana taya shi riƙe ƙaryar don kada ya ji kunya. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

"Ina ciki," ya ce. Ya maimaita. "Ina ciki, Yemane. Bayan kujera na ɓuya. Gidan ne ba ya shiguwa. Tun da matata ta rasu na bar shi ya lalace, ko 'yata ba ta gani ba."

Yemane ya ɗago kai ya dube shi. Wani direba ya danna masa hon, bai waiga ba.

"A garinmu in mace ta rasu, ba a barin mijin shi kaɗai da kwanuka. Maƙwabtanka suna ina?"

"Suna nan. Kowa ya ce in leƙo."

Yemane ya yi 'yar dariya, shi ma Clifford ya yi, kunnuwansa sun yi ja.

"Ku zo Lahadi, ƙarfe biyu."

"Wannan ta gaske ce, Baba, ko irin waccan?"

"In ka ji mun faɗi ƙarfe, ta gaske ce."

Ya yi iya ƙoƙarinsa a kwanakin da suka rage, amma ƙarfin tsoho bai kai ba. Ya kwashe jaridu, ya share falo, ya buɗe tagogi. Kicin kuwa ya gagara, sai ya ja ƙofarsa ya rufe.

Suka zo a kan lokaci. Ya buɗe musu tun kafin su ƙwanƙwasa, ya kasa haɗa ido da Senait. Ta gaishe shi da ɗan Turancinta, ta zauna a bakin kujera, ta fito da ɗanyen kofi da butar ƙasa daga jaka. Sannan ta miƙe ta tambayi inda za ta ɗora ruwa.

Clifford ya riga ta isa ƙofar kicin, ya tsaya a gaba, hannunsa a kan mariƙi.

"Ciki ba kyau, 'yata," ya ce.

"Na sani, Baba," in ji Senait. Ta riga ta naɗe hannun riga.

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya matsa gefe.